Ranar Da Na Tare Kofin Ruwan Sukari

Ranar da abin ya faru, waɗanda ke tsakar gidanmu a Tudun Wadar Zariya su ne ni, da maigidana wanda nake kira Malam, da ƙanwarsa da ta zo daga Gyallesu, sai ɗana na fari da matarsa, waɗanda suka kawo mana kayan azumi daga Hanwa inda suke zaune. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Ban yi boko ba, ko harafi ɗaya ban sani ba. Maƙwabciyata da ke karanta mini wannan mujalla ce take rubutawa, kuma na ja mata kunne kada ta sassauta mini magana. A wancan lokacin ni mace ce da ba a gardama da ita a gidanta. Abin da na ce a dafa shi ake dafawa, ko ludayi aka gusar daga inda na ajiye shi sai na gane.

Tun da aka ce Malam yana da ciwon suga na sa masa ido. Gwangwanin sukari na kulle shi a kabad, makullin na ƙulle a haɓar zanina. In ya dawo daga suna ko ɗaurin aure sai na laluba aljihunsa, ko wani ya cusa masa alewa. Yakan yi dariya ya ce shi ba mata ya aura ba, 'yar kwastan ya aura. Iyakar abin da na sani game da ciwon nan abu biyu ne: zaƙi maƙiyinsa ne, kuma ƙwayar maganinsa ba a tsallake ta, akwai ta safe, akwai ta rana, akwai ta dare. Na riƙe waɗannan kamar salla.

Ku ji yadda ɗan sanin nan ya iso gare ni. Ɗana ne ke kai mahaifinsa asibiti, ni ba a taɓa cewa in bi su ba. A can likita ya yi Turanci da ɗana, Malam yana zaune a tsakaninsu kamar kayan da aka kawo gyara. In na tambayi Malam me aka ce, sai ya ce sun yi yarensu, shi dai an ba shi leda. Ɗan nawa kuwa ɗan fari ne, kuma yadda aka tashe mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta zama hira da shi. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni, in amsa ina kallon gefe, shi ke nan. Sai ya gaya wa matarsa ta gaya mini. Ita kuma tsorona take ji, ta ajiye ledar a gabana, ta faɗi kalma biyu da sauri ta tashi. Maganar da likita ya yi mai tsawo, kafin ta zo kaina saura gutsure.

Da azumi ya kama, Malam ya ce tun da ya balaga bai taɓa sha ba, ba zai fara yanzu ba. Na zauna na yi lissafina ni kaɗai: ƙwayar rana ba ta shayuwa ga mai azumi, kuma an ce ba a tsallakewa. Sai na riƙa haɗa masa ta safe da ta rana a lokacin sahur, ina ganin na yi dabara. Kwanakin farko yana ta kasala, na ce ai azumi ne. Ranar da nake ba ku labari kuwa ko sahur ɗin kirki bai yi ba, kunu ya ɗan kurɓa ya ture, amma ƙwayoyin nan sai da na tsaya a kansa ya haɗiye su duka.

Gab da la'asar yana zaune a kan tabarma yana jan carbi, sai na ga zufa tana keto masa, hannunsa yana rawa har carbin ya faɗi. Ƙanwarsa ta yi masa sannu, ya daka mata tsawa, ya kira ta da sunan mahaifiyarsu da ta daɗe da rasuwa, harshensa yana sarƙewa. Nan take na yanke hukunci, na ce suga ce ta hau, jiya wani ya ba shi abin zaƙi a masallaci a bayan idona. Ƙanwar tasa ita ma tana da ciwon, amma asibitin da take zuwa akwai nas da ke tara su tana yi musu bayani da Hausa. Ta taɓa goshinsa ta ce a'a, sugar ce ta faɗi, in ba ta makulli. Na ce wane irin zance ne wannan, mai ciwon suga in sugarsa ta faɗi ai warkewa ke nan. Da ta ga ba zan bayar ba, sai ta yage kwalin sukarin da ke cikin kayan azumin da aka kawo, ta dama a kofi. Ni kuwa na sha gabanta na riƙe mata hannu. Na ce tana so ta kashe ɗan uwanta, ta kuma karya masa azumi a gabana. Ta ce, tana kirana Yaya kamar yadda ta saba, in sake ta, don tsaron nawa ne zai kai shi kushewa yau.

Duk wannan ɗana yana tsaye da waya a hannu. Sai na ji ya juya wajen matarsa, murya ƙasa-ƙasa, yana cewa ai likita ya taɓa faɗin haka, in aka ga zufa da rawar jiki a ba shi abin zaƙi maza. Matarsa yake gaya wa! Ubansa yana kwance yana fita hayyacinsa, ni da na tare kofin ina gabansa, amma kunya ta hana shi ya dube ni ya faɗa mini. Jin haka sai na saki hannun ƙanwar Malam. Allah ya sa Malam yana iya haɗiya, ta ba shi kaɗan-kaɗan, har idonsa ya dawo daidai, ya tambaya wa ya karya masa azumi. Muka sa shi a mota sai asibiti, aka ba shi gado.

A can wata nas ta tambaya wa ke ba shi magani. Na ce ni ce. A gaban mutane ta wanke ni tas. Wai me ya sa ba a kawo shi an gyara masa maganin kafin azumi ba kamar yadda aka ce, wa ya ce in haɗa ƙwaya biyu, tsofaffi ba sa jin magana. Wace maganar? Wa aka gaya wa? Laifina na ɗauka, ni na haɗa ƙwayar, ni na tare kofin. Amma ba zan ɗauki na wasu ba. Shekaru ina dafa wa mutumin nan abinci, ina miƙa masa magani da hannuna, babu wanda ya ga na isa a zaunar da ni a yi mini bayani. Rashin boko ba rashin hankali ba ne. Wadda ta riƙe abu biyu da aka gaya mata ba ta saki ba, da an gaya mata goma ma da ta riƙe.

Don haka ina jan kunnen tsofaffi 'yan uwana masu jinyar miji ko jinyar kansu: kada ku karɓi leda ba bayani, kada ku canza yadda ake shan magani da dabararku, ko don azumi ne, ku koma ku tambaya. Suga tana hawa, tana kuma faɗuwa, kuma faɗuwar tana kisa. Liman ma da ya zo dubiya ya gaya wa Malam addini bai ɗora wa marar lafiya abin da zai halaka shi ba. Ku kuma 'ya'ya masu boko, abin da kuka jiyo a asibiti ba naku ba ne, na wadda ke riƙe da tukunya ne. Masu aikin asibiti, ku tambayi wa ke ba da maganin a gida tun kafin a kawo muku mutum a kwance.

Washegari da sassafe na yafa mayafina na tari keke napep ni kaɗai na koma asibitin. Na ja kujera na zauna a gefen gadon Malam. Da likita ya zo zagaye, ya juya wajen ɗana zai fara Turanci, na ce ya juyo nan, ni ce mai girki, ya yi mini da Hausa, kuma ba zan tashi ba sai na maimaita masa ya ce daidai ne. Ya yi, na maimaita. Sannan na dubi ɗana ido cikin ido, na kira shi da sunansa, abin da ban taɓa yi ba tun da na haife shi, na ce daga yau bakinsa da kunnena babu ɗan aike. Na kwance haɓar zanina inda makulli yake zama, na ciro ƙwayoyin sukarin da na ƙullo daga gida, na zuba wa Malam a aljihu da hannuna.