Ranar da Muka Ɓoye Kayan Wasa

Yayata ta yi shekara goma sha ɗaya tana shara a makarantar ƙananan yara ta unguwar manyan ma'aikata. A lokacin makarantar ita kaɗai ce irinta a garin, kuma ba ɗan kowa ke shiga ba, sai wanda ake kawowa a mota. Mu a layinmu, yaro sai ya kai shekara shida yana riƙe da zanin uwarsa kafin ya ga ƙofar aji. Yaya hannunta na kan tsintsiya, kunnenta na cikin aji. Ta ga yadda ake ba yara abubuwa su ware ja daban, kore daban, su cika gwangwani da yashi su juye, su ƙirga matakala suna hawa. In ta dawo gida sai ta ce, "To wannan ai ba sai da mota ba."

Da ciwon gwiwa ya raba ta da aikin, sai ta share ɗakin da ke jikin shagona ta shimfiɗa tabarma biyu. Da 'ya'yan tela biyu ta fara, da 'yar mai wanki da guga. Kafin shekara ta zagayo yara sun kai ashirin da huɗu, don duk uwar da ke fita aiki ta samu inda za ta ajiye nata. Ni kafinta ne, kuma autan gidanmu, saboda haka kujeru a kaina suka faɗa. Kayan koyarwarta kuwa abin dariya: murafen kwalba buhu guda, gwangwanayen madara, kwalaye, da guntayen katakon da take tsinta a shagona tana sa ni in goge musu baki kada su soki yaro. Ni dai a idona bola ce. Na sha faɗa mata, ta sha ce mini, "Auta, kai dai bugi ƙusarka."

Rannan sai ga takarda daga ofishin ilimi, wai jami'a za ta zo duba wurin ranar Laraba, ko a yi masa rajista ko a rufe. Yaya ta kasa ci, ta kasa sha. Nan na taso da wayona.

"Yaya, mutanen ofis karatu suke son gani. In matar nan ta tarar da yara tsundum cikin gwangwani, wallahi kwaɗo za ta sa wa ƙofar."

Tsoro ya sa ta ji maganata, abin da ba ta taɓa yi ba tun ina rarrafe. Muka ɗure komai a buhu muka tura ƙarƙashin bencin aikina. Na shafa wa falanki baƙin fenti ya zama allo, na jera kujeru layi-layi. Kwana uku ana fama da 'yan shekara uku su naɗe hannu su ce "Sannu da zuwa, Malama" da murya ɗaya.

Jami'ar ta iso da hantsi, dattijuwa ce mai tabarau. Yara suka gaishe ta suka yi tsit. Ni ina bakin ƙofa sai washe baki nake. Ta dubi allo, ta dubi bango, ta leƙa bayan ƙofa.

"Ina kayan wasansu?"

Yaya ta dube ni. Na gyara tsayuwa na ce, "Ranki ya daɗe, mu nan ba ma wasa. Karatu zalla."

"To ai shi ke nan," in ji ta, ta mayar da alƙalami jaka. "Ɗan shekara uku wasa ne karatunsa. Wurin da ake dasa yara a kujera tun safe ba zan sa masa hannu ba."

Yaya ta miƙe ko kallona ba ta yi ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta fita da ɗingishinta, muka ji ana jan abu a ƙasa, sai ga ta da buhu. Ta zazzage shi a tsakar ɗaki.

Kafin ka ce kwabo kujeru sun zama wayam. 'Ya'yan tela suka hau jera katako, wai gada suke ginawa. 'Yar mai wanki ta tsinci jajayen murafe, ta ƙirga biyar a tafin jami'a, ta ce sauran nata ne. Matar ta ja kujerar yara ta zauna, ni kuwa ina addu'a kada aikina ya ba ni kunya karo na biyu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi Yaya inda ta yi kwas.

"A bayan tsintsiya, Hajiya."

Ta yi dariya har ta cire tabarau. "Wa ya ce ki ɓoye kayan nan?"

"Ƙanena ne," in ji Yaya. "Amma dai ya iya kujera."

Jami'a ta ce a ƙara taga, a gyara banɗaki, a ajiye bokitin wanke hannu a bakin ƙofa. Duk ni na yi.

Bayan mako uku takardar rajista ta zo. Yaya ta kawo mini shago in yi mata firam, amma ta ce in fara karanta mata, don ita karatunta bai wuce aji biyu ba. Na karanta har na zo inda aka rubuta sunanta, ƙarƙashinsa kuma "Shugabar Makaranta".

"Sake karanta wurin," ta ce.

Na sake. Ta ce in ƙara. A na ukun sai na ɗaga mata takardar na ɗora yatsanta a kan layin.