Sufeto, Hawainiyar Baba da Kofin Ruwa

Kafin a buɗe shagunan layinmu take isowa. Ta ajiye jaka a bayan ƙofa, ta wanke hannu, ta gaida Baba, sannan ta ture tagar ɗakinsa. Daga nan sai ta ɗauki kwalbar feshi ta nufi kejin ragar da ke gefen gado, inda wata hawainiya ke maƙale a reshe, ido ɗaya gabas ɗaya yamma. Wannan ita ce mai jinyar mahaifinmu, wadda shi da bakinsa ya raɗa wa suna Sufeto saboda yawan bincikenta, har mu 'ya'yansa muka ɗauka. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, gwiwoyi sun ce sun gaji, ni kuwa ban yarda ta tafi shiru ba.

Baba tsohon direban babbar mota ne. Tun yana saurayi ya sabar wa kansa ƙin shan ruwa don kada fitsari ya tsayar da shi a hanya. Ya ajiye tuƙi, bai ajiye halin ba. Taga kuma kullum a rufe, wai iska na sa masa ciwon wuya. Da ƙodarsa ta fara ciwo, likita ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa in bai riƙa shan ruwa ba, abin da ke gabansa wankin ƙoda ne. Mun yi lallashi, mun yi faɗa, yayata har kuka ta yi. Baba yakan karɓi kofi ya sa mana albarka, ya jira mu juya baya ya shayar da fulawar da ke kan tebur. Fulawa tana ƙiba, Baba yana ramewa.

Hawainiyar ta ɗan yayata ce, ya bar wa kakansa da zai tafi jami'a. Baba ya sa mata suna Tirela, domin a cewarsa tafiyarta sak ta mota mai lodi a kan hawa. A akwatin gilashi irin na kifi take a lokacin, sama a rufe, ga ɗan kwanon ruwa a ƙasa. Ranar da Sufeto ta fara aiki ta gan ta, sai da ta ja da baya har bakin ƙofa.

"Baba, ni fa mutum aka ce in yi wa jinya."

"Mu biyu ne a ɗakin," in ji shi. "In za ki iya, bismilla."

Tsoro bai hana idonta aiki ba. Ta lura ruwan kwanon ba ya raguwa, idanun dabbar sun faɗa ciki, takan buɗe baki tana jan numfashi da ƙyar, gilashin kuma kullum yana gumi. Ba ta san komai a kan hawainiya ba, ba ta kuma yi kamar ta sani ba. Ranar hutunta ta ɗauki hoto a waya, ta shiga mota ta je wurin likitan dabbobi. Shi ya gaya mata hawainiya ba ta gane ruwan da ke kwance a kwano, sai ɗigon da ke ƙyalli a kan ganye take lasa, kuma iskar da ba ta motsi tana lalata mata huhu.

Kafintan da ke maƙwabtaka da mu har yau yana ba da labarin yana dariya. Ya haɗa mata keji mai kyau, raga a gaba, katako a sauran ɓangarorin. Ta zagaya shi ta ce, "Malam, ta nan iska za ta shiga, to ta ina za ta fita?" Haka ya ɓalle katakon ya sa raga a gefe da sama. Ta huda murfin gorar ruwa da allura, ta kifa ta a saman kejin tana ɗiga a kan ganye, ta sa faranti a ƙasa yana tare abin da ya zuba, tana zubarwa kullum don kada ya yi wari. Feshi safe da yamma, a tsakani a bar ganyen ya bushe. Ta kuma juyar da kan fanka bango, kada ta riƙa dukan dabbar kai tsaye.

Saura taga.

"Kejin raga a ɗaki rufe, Baba, ai an gudu ba a tsira ba."

"Sufeto, hawainiyarki ta kiyayi ramata."

"Ai taka ce, ba tawa ba. In ka ce ta shaƙe, shi ke nan."

Ya yi ƙunƙuni, ya naɗa mayafi a wuya, ya ce a buɗe rabi.

Abin da ya biyo baya ni da yayata muna tsaye aka yi shi. Sufeto ta miƙa wa Baba kwalbar feshi, wai hannunta ya gaji. Ya fesa, ganye ya jiƙe, Tirela ta tsaya tana kallon ɗigon kamar ba da ita ake ba. Ran Baba ya ɓaci.

"Sha mana! Taurin kai ne zai kashe ki."

Yayata ta toshe baki da gyale. Sufeto ko murmushi ba ta yi ba. Ta cika kofi ta sa masa a hannu.

"Nuna mata yadda ake yi, Baba. Ga ido ɗaya can a kanka."

Ya dube ta, ya dubi dabbar, ya gane sarai an kama shi. Ya kafa kai ya shanye. Can sai Tirela ta matso ta fara lasar ganye, Baba kuwa ya ce shi ya koya mata, kuma babu wanda ya yi masa musu. Daga ranar doka ta kafu a ɗakin: ta sha, ka sha. Da muka koma asibiti bayan wasu watanni, likita ya duba gwaji ya ce a ci gaba da abin da ake yi, bai sake tayar da zancen wankin ƙoda ba. Na fito na zauna a mota na yi kukan daɗi, ban ji kunya ba.

Anti Sufeto, ke ce kika gane tsohon da ba ya jin magana don kansa zai ji don abin da yake ƙauna. Ke ce kika taɓa abin da kike tsoro, kika ɓata ranar hutunki a kan dabbar da ba a ɗauke ki dominta ba. Ba ki taɓa ɗaga wa mahaifinmu murya ba, ba ki kuma taɓa barin sa ya ci nasara a kanki ba.

Jiya ta zo da wadda za ta gaje ta, tana nuna mata gora da faranti. Baba ya tare zancen, ya ce daga yau feshi aikinsa ne, taga ma shi zai riƙa buɗewa. Sannan ya cika kofi da hannunsa, ya miƙa wa Sufeto.

"Sufeto, tun da kika shigo ban ga kin sha komai ba."

Ta karɓa ta shanye, idonta ya ciko.

Mun gode, Anti. Allah ya huta gajiya, ya ba gwiwoyin nan lafiya, ya haɗa ki da mai kula da ke yadda kika kula da namu. Ku kuma masu jinyar tsofaffi, in lallashi ya ƙare muku, ku waiga ku ga abin da tsohon yake ƙauna, ku bi ta nan. Fulawar kan tebur dai ta ɗan rame, kuma duk gidan babu mai tausaya mata.