Abin da Wa'azin Baffa Bai Cinye Ba

A shekarun da aka dawo da Shari'a, Baffana ne dodon direbobi a tashar Kibiya. Ƙanin babanmu ne, malami mai makarantar allo a Tarai, kuma ba abin da ya tsana a duniya kamar kiɗa. Shi ya sa shugabannin tasha suka kafa doka: duk direban da aka kama da kiɗa a mota, a cire shi daga layin lodin fasinja. Yayana kuwa direba ne, bas ɗinsa ce cinmu, ita ce shanmu.

Baffa ba ya ƙona kaset ɗin da ya ƙwace, wai almubazzaranci ne. Musuluntar da su yake yi. Sai ya naɗi wa'azinsa a kai, ya mayar wa mai shi, har da sa albarka. Haka ya yi wa kaset ɗin marigayi babanmu, wanda shi kaɗai ya rage mana. Babanmu makaɗin garaya ne. Ba ya waƙa, don shi kansa ya san muryarsa ba ta da daɗi. Saboda garayar nan Baffa ya daina yi masa magana har ƙasa ta rufe masa ido. Da aka dawo da kaset ɗin na sha kuka. Yaya ya wurga shi cikin aljihun mota, bai ƙara bi ta kansa ba.

Wata safiya Baffa ya shigo gaban mota zai je Kano. Ina bayansa da jarkokin man gyaɗata, kusa da ni kuma ga wani daga cikin shugabannin tasha.

"Ina wa'azin da na ba ka?" in ji Baffa.

Yaya ya lalubo ya sa. Tun daga Kibiya har muka wuce Rano, Baffa na sauraron kansa yana gyaɗa kai, yana cewa, "Wannan gaskiya ne." Ban taɓa ganin mutumin da ya yarda da malaminsa haka ba. Can aka yi addu'a aka shafa, rediyo ta yi ƙas. Sai garaya.

Ashe wa'azin bai kai tsawon kaset ɗin ba! Hannun babanmu ne, ko a mafarki zan gane shi. Na ce a raina shi ke nan, layi ya tafi, ga mai doka a gaba, ga mai hukunci a baya. Yaya ya kai hannu zai kashe, Baffa ya riƙe hannun.

Da waƙa ce, wallahi da ya ci ƙaniyarta. Baffa gwanin gardama ne, ka furta kalma ɗaya ya kawo maka hujja goma. To garaya ba ta ce komai ba, da me zai yi musu? Shigewa kawai ta yi. Ina kallon yatsansa a kan carbi, ya bar lissafin tasbihi ya koma bin kiɗan.

Kaset ya ƙare.

"Mayar da shi baya kaɗan," in ji Baffa. "Ban ji addu'ar ƙarshe da kyau ba."

Yaya ya danna.

"Kai, ya yi yawa! Kaɗan na ce."

Har muka wuce Bunkure ana ta maimaita addu'ar ƙarshe da garayar da ke bin ta. Mutumin tashar nan dai ya kasa haƙuri, ya yi gyaran murya.

"Allah gafarta Malam, wannan fa kiɗa ne. Yaya maganar yaron nan da layi?"

Baffa bai waiwayo ba. Ya ja gefen rawani ya goge fuska.

"Kai ne ka ji kiɗa," ya ce. "Ni yayana ne yake yi mini magana. Ƙyale yaron ya yi tuƙinsa."