Murhun da Ya Koma Ci Gefe Ɗaya

Tun kafin mu bar Kano, ƙirjin 'yata ne fargabata. Gidanmu akwai asma, ita kuma ko turaren wuta aka sa sai ta yi ta tari.

A Guangzhou mun kama wani tsohon gida can bayan gari, mai murhun bulo da bututun hayaƙi. Maigidana kan kawo min katakon akwatunan kaya daga kasuwa, ina girki lafiya lau. Sai shekarar wasannin Olamfik, ana ta binciken takardun baƙi, murhun nan ya canja hali. Hagu wuta na ci bal-bal, dama kuwa hayaƙi kawai. Shinkafa rabi ta kama, rabi ɗanya. Yarinya a bayana tana tari har da amai.

Babu abin da ban yi ba. Na kwashe toka, na shanya katakon, na faskara shi sirara, na yi ta juya tukunya. Na tambayi tsohuwar mai gidan da hannu ko akwai wata dabara, ta ce meyo, wato babu. Shi kuwa maigida, a gaban abokan kasuwancinsa, wai matan yanzu ko hura wuta ba su iya ba. Suka yi dariya, bakinsu cike da shinkafar tawa.

Ni dai na lura hayaƙin ba ya hawa, dawowa yake yi. Wata safiya na kwantar da yarinyar, na hau saman gidan. A bakin bututun na tarar da buhu a cushe, an danne da bulo, an bar 'yar kafa a gefe. Irin buhun da maigidana yake ɗaure kaya da shi ne.

Da ya dawo na ajiye masa a gabansa. Ya ce bizarmu ce ba a gama sabuntawa ba, hayaƙi zai jawo mana ido.

Na ce, "Maigida, tsoron nan ni ma ina ji. Amma kana jin tarin yarinyar nan, ka bar ni ina zargin hannuna?"

Wai bai so ya tayar min da hankali ba ne. Wane hankali ya rage kuma?

Ranar ya sayo tukunyar gas, abin da zai iya yi tun farko. Tarin kuwa bai sake ta ba sai da sanyi ya wuce.

Don Allah, duk wanda zai toshe wani abu a gida, ya fara gaya wa mai zama a bakin wutar da goyo a baya.