Maganin da Inna Ta Raba Biyu

Ranar da aka sallame ni daga asibiti a Maraɗi, lokotoro ya gaya mani magana ɗaya sau biyu, da Faransanci da Hausa, don kar in ce ban ji ba. Ya ce maƙoƙon da suka cire ya tafi da abin nan na cikin wuya gaba ɗaya, wanda ke tafiyar da ɗumin jiki da bugun zuciya, daga yau ƙwaya ce za ta riƙa yi mani aikinsa. Guda kullum da asuba, kafin in sa komai a ciki, har ƙarshen raina. Inna na tsaye bayana da bokitin kayanmu tana cewa to, to. Na ɗauka ta ji.

Muka koma garinmu, Gidan Amumune. Wuyana a ɗaure, ko waiwaye ba na iyawa, sai Inna ta karɓi maganin ta ce ita za ta riƙa ba ni. Ta ɓare ƙwayoyin daga takardarsu ta zuba cikin wata 'yar kwalba, wai takardar na ba yatsunta wahala. In ta sallame sallar asuba sai ta zo da ruwa a moɗa, ta aza mani ƙwaya a tafin hannu, ta tsaya har in haɗiye. Wuya ya warke, ba mu canza ba. Wa zai tsaya duba abin da uwarsa ta aza masa a hannu?

Shekarar nan nake shirin bak, jarrabawar ƙarshen sakandare. Sai ga ni cikin zafin bazara ina neman bargo. Fuska ta kumbura, gashi na bin mataji, in buɗe kaye, littafin darasina, in karanta layi uku in farka kumatuna bisa takarda. Ni da aka sani da bakin tsiya a kilas, sai a tambaye ni abu in tsaya ina lalube. Aka yi awon jini, lokotoro ya ce maganin ya yi kaɗan, ya ƙara ƙarfinsa. Na koma randebu na gaba, ranar da ya sa mani, awon bai gyaru yadda yake so ba. Ya aje takardar ya dube ni ya ce in gaya masa gaskiya, ina tsallake kwanaki? Raina ya ɓaci. Na ce masa ni ba yarinya ba ce, uwata ke ba ni da hannunta kowace asuba, in bai iya lissafinsa ba ya faɗa. Ya sake ƙara ƙarfin maganin.

Na faɗi bak.

Bayan damina na koma Tasawa gidan yayana don in maimaita ajin. Can ni ke zuwa farmasi da kaina, ni ke ɓare ƙwayar daga takarda. 'Yan makonni kawai zuciyata ta fara dukan ƙirji kamar ana sussukar gero. Hannu na rawa har biro ba ya tsayuwa, zufa ko ina zaune, zanena ya fara zamewa daga ƙugu. Lokotoro ya ce yanzu kuma maganin ya yi yawa. Ya rage, yana girgiza kai, ya ce bai gane jikina ba. Ni ma na fara tsoron jikin nan, ina ganin ko wani abu suka bari a ciki.

Amsar ta zo ne kan kabu-kabu daga Urafane, wata ranar kasuwa. Ƙanwar Inna ce ta zo, Iya muke ce mata. Ita ma tana da maƙoƙo, ya fi nawa girma, amma ta rantse wuƙa ba za ta taɓa wuyanta ba. Ta sha ruwa, muka gaisa, ta fara sa mani albarka. Ta ce Allah ya saka da maganin da nake aiko mata, sai dai tun da na dawo Tasawa aike ya tsaya. Ta kwance bakin mayafinta ta nuna mani ƙwayoyi biyu da take tattali. Nawa ne. Ta ƙara da cewa yana sa mata faɗuwar gaba, kumburin kuma bai ragu ba, amma ai magani sai da haƙuri.

Ban jira hutu ba, washegari na hau mota zuwa Gidan Amumune. Na iske Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Na gaishe ta gaisuwa ɗaya na tambaye ta. Ko rairayar ba ta aje ba.

"Ke ai an cire maki naki," in ji ta. "Ita ce ke ɗauke da ciwon."

Ta ce kuma ba ta bar ni haka nan ba. Ranar da ta ware wa Iya ƙwayata, sai ta ba ni wani ƙaramin fari da take saye wurin mai tallar magani a kasuwa, na ƙarfin jiki. Ta zaɓi mai kama da nawa don ta san halina, in na gane sai na ɗaga gida.

Wannan ne ya fi ci mani rai. Da rashin sani ne kaɗai, da na haɗiye. Amma ta zauna ta gwada ƙwaya da ƙwaya. Ta gan ni cikin bargo ana zafi. Tana zaune bakin ƙofar asibiti ranar da na yi wa lokotoro rashin kunya saboda ita, muka dawo gida ba ta ce uffan ba.

Na ce, "Inna, abin da aka cire shi ne ke rayar da ni. Ƙwayar nan ita ce madadinsa. Rabina kika riƙa aikawa Urafane."

Ta ce ita dai ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ba ta iya kallonta tana maƙurewa alhali maganin na ɗakinta. Ba ta ba ni haƙuri ba. Har yau.

Na koma wurin lokotoro na faɗa masa duka, ina kallon ƙasa. Ya ce dukan awon baya a watsar, a fara daga farko, kuma a hana Iya sha tun bai illata mata zuciya ba. Ni na je Urafane na karɓe biyun nan. Ta yi fushi, ta ce boko ya sa ni rowa. Mun ɗauki watanni ana awo ana gyarawa kafin jikina ya tsaya wuri ɗaya, sanyi ya tafi, rawar hannu ta daina.

In na je gida hutu, Inna na zuwa da moɗar ruwa bayan sallar asuba kamar da. Ina karɓar ruwan. Ƙwayar kuwa daga jakata nake fiddo ta, in juya takardar in karanta sunan, in ɓare da kaina tana tsaye tana kallo.