Shekara Talatin da Takwas a Bencin Baya

Cocin Katolika na unguwarmu a Dundee, can ƙasar Sikotilan, 'yan Ailan ne suka gina shi, ma'aikatan masaƙar buhu, kuma kakan Delia McGlinchey na cikin waɗanda suka yi dakon duwatsunsa bayan an tashi aiki. Wannan bai hana Fada, limamin cocin, kiran sunanta daga kan mumbari ba wata Lahadi a 1913. Laifinta shi ne ta auri Wattie Ogilvie, maƙerin jirgin ruwa, ɗan Furotestan, a ofishin gwamnati, don ya ƙi sa hannu a takardar alkawarin cewa 'ya'yansu Katolika za su tashi. Daga ranar aka haramta mata karɓar jibi, wato tsarkakakkiyar gurasar da Fada ke sa wa masu ibada a baki. 'Ya'yan da aka yi wannan rigima a kansu kuwa, ko ɓari Delia ba ta taɓa yi ba.

Wata ce da ta yi zuciya ta bar musu cocinsu. Ita kuwa kowace Asabar tana can da bokiti da buroshi cikin matan da ke wanke shi. Peg Rourke, shugabarsu, mai baki kamar reza, ita ke rabon aiki, kuma kullum ƙofa da matakalar waje take ba ta, inda karnuka ke fitsari.

"'Yar McGlinchey, ki tsaya nan baya," in ji ta. "Wajen bagade sai matan aure."

Ba su taɓa ce mata matar Wattie ba. Ran Lahadi ta zauna a bencin baya, tana janye gwiwa mutane su wuce su je karɓar jibi.

Duk Ista sai ta roƙi mijin ya bi ta wurin Fada a gyara auren, shi kuma amsarsa ɗaya ce.

"Wato duk shekarun nan zaman dadiro muke yi? Haba, Delia. Ni dai na san matata na aura."

Mutumin kirki ne, wannan shi ne abin haushin. Ba ya sha, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, in ana dusar ƙanƙara shi ke raka ta har ƙofar cocin ya jira a waje.

A 1951 cocin ya cika shekara ɗari, aka ce Bishop zai zo, kowa zai karɓi jibi daga hannunsa. A lokacin Wattie na kwance, ciwon ƙirji ya cinye shi. Delia ta je wurin sabon Fada, wani siririn mutum mai suna Loughran, ko da wata dabara.

"Hanya biyu ce, 'yata," ya ce. "Ko ya sa hannu, ko Allah ya raba."

Maganar ta bi ta gida. Tana shafa masa magani a ƙirji, tana jin tarinsa, sai ta kama kanta tana lissafin kwanakin da suka rage kafin bikin. Ta tsani kanta, amma lissafin bai tsaya ba. Wattie kuwa ba yaro ba ne.

"Yaushe ne bikin naku?" ya tambaye ta.

"Lahadi ta sama."

"To, zan yi ƙoƙari kada in makara."

Ran Litinin ya cika. Ran Alhamis aka yi masa addu'a a cocinsu, Delia ta tsaya a tsallaken titi cikin ruwan sama, don shiga sujadar Furotestan ma laifi ne, ita kuma ba ta son ƙarin laifi kafin Lahadi. Ran Asabar ta furta zunubanta, Fada ya wanke ta, ya tuna mata da ƙa'ida: daga tsakar dare ko ɗigon ruwa kada ya wuce maƙogwaro sai an karɓi jibi.

Amma macen da ta yi shekara talatin da takwas ba ta yi wannan azumi ba, hannunta bai san da shi ba. Da safe ta tashi ta ɗora kunu na mutum biyu kamar kullum, ta ɗebo cokali ta ɗanɗana gishiri yadda Wattie ke so. Sai da ta haɗiye ta tuna, azumin da kuma mutumin.

Ba wanda ya gani. A coci ta yi niyyar zama a bencinta, sai ga Peg Rourke ta kamo hannunta, ta ja ta cikin layi, duk unguwa na kallo. Delia ta durƙusa gaban Bishop, ta buɗe baki, tana da yaƙinin cewa babban zunubi take haɗiya.

A bakin ƙofa Peg ta rungume ta.

"Barka, Delia! Kin ga, Allah ya ji addu'arki."

Delia ta san wace addu'a ce aka ji. Ta yi shekara goma sha ɗaya bayan haka tana wanke cocin, har bagade aka ba ta, amma ba ta sake tashi karɓar jibi ba, kuma ba wanda ya damu ya tambaye ta dalili.