Sitabilaizar Na'Allah Tela

Na'Allah tela ne a kasuwar Bodinga, kuma in dai babbar riga ce, ba wanda ya kama ƙafarsa. Ba ya cin yadin kowa, ba ya saɓa alkawari. Aibinsa ɗaya ne: duk ranar da Allah ya yi wa abokinsa Attahiru wani buɗi, sai tuwo ya daina yi masa daɗi.

Tare suka yi kiwon awaki a Kajiji suna yara. Attahiru ya girma ya kama fataucin albasa zuwa Ikko, ya yi gida a Shagari. A farkon mulkin farar hula ya dawo da kayan kiɗa: amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, da garmaho, da sifiku biyu, kowace ta kai turmi tsawo. Nan da nan zaurensa ya zama majalisa. Na'Allah ma yakan je, ya zauna can gefe yana mitar ƙarar ta yi yawa, alhali babban yatsan ƙafarsa na bin kiɗan. Hassada ce tsagwaronta, shi ma ya sani.

Wutar lantarkin kuwa ba ta da tabbas. Yanzu ƙwai ya yi ja kamar garwashi, an jima ya haske kamar zai fashe. Rannan Attahiru ya faɗa a gaban jama'a cewa ya ga sitabilaiza, akwatin ƙarfen nan mai daidaita ƙarfin wuta, a wani kanti a Sakkwato. Ita kaɗai ta rage, in ya dawo daga Ikko zai saya.

Na'Allah bai yi wata-wata ba. Ya sayar da ragonsa, ya riga Attahiru kantin, ya kinkimo ta zuwa gidansa da ko wayar wuta ba a ja masa ba.

Matarsa Hajjo ta riƙe baki. "Malam, wanga abu mi za shi yi muna? Mu da ko hitila sai ta kananzir?"

"Ke dai tura shi ƙarƙashin gado. So nikai, ko sau guda a duniya, Attahiru shi zo shi roƙi wani abu gare ni."

Sai ga zamani ya juya. Gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kayan waje suka yi ɓatan dabo. Attahiru ya dawo ya tarar an saye sitabilaizar, ya duba Sakkwato, ya aika Gusau, ya aika Kano, babu. Duk sanda ya koka, sai Na'Allah ya ji wani sanyi a ransa, ya ce bari dai ya ƙara wahala kaɗan, mako mai zuwa na faɗa masa. Daɗin abin ya hana makon zuwa.

Wata rana da hantsi wuta ta zo da ƙarfi. Amfilifaya ta yi tas, hayaƙi ya cika zauren. Mai gyara ya buɗe, ya girgiza kai, ya ce ko a Ikko ba a samun kayanta yanzu.

Washegari Attahiru ya yi sallama a gidan Na'Allah. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakin Hajjo, gadon na bayansa.

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na'Allah, roƙonka niz zo yi. Na yi niyyar ranar armen ɗiyarka Indo in ɗauko kayan nan in kawo maka, Bodinga duka ta ji. Don haka nika ta neman sitabilaiza awa mahaukaci. Ga shi sakacina ya ja muna. Don Allah ka yahe mani."

Hajjo ta ajiye kwanon ruwa, ta dubi mijinta, ta koma ɗaki.

Na'Allah ya dubi ƙarƙashin gadon. Kunya ta rufe shi, hawaye suka zubo masa.

Attahiru ya dafa kafaɗarsa. "Haba, abokina, bar kuka. Wallahi duk cikin masu zuwa zauren nan, kai kaɗai kat taya ni jin zahin abin ga."